Bayan doktora: ƙofofin binciken sankara da abin da ke jiran ƴan Nijar

Kimanin shekara ɗari ke nan da wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura da wani abin al'ajabi a ɗakin bincikensa na Berlin: ƙwayoyin sankara suna haɗiyar sukari fiye da ƙima, amma ba su ƙona shi sarai. Lafiyayyar ƙwayar jiki, muddin akwai iskar shaƙa, takan tatsi ƙarfi kamar awo 30 daga ƙwarar sukari guda. Ta sankara kuwa, ko iskar tana nan, sau da yawa sai ta tsaya a rabin hanya, ta ɗauki awo 2, ta zubar da saura ya zama ruwan tsamin da ake kira laktat. Warburg ya ɗauka injin numfashin ƙwayar ne ya lalace. Yau an san cewa a galibin sankara injin yana aiki. Ƙwayar ce ke karkatar da sukarin don gina wasu ƙwayoyi, kamar maginin da ya fi bukatar tubali bisa itacen wuta.

Wannan haɗama ita ke tona asirin ciwon. A hoton da likitoci ke kira PET, ana yi wa majinyaci allurar sukari mai alama, a duba inda ya taru. Ita ce kuma ta buɗe hanyar magani: a 2008 aka gano canjin halittar IDH1 cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a 2009 aka gane gurɓataccen sinadarin da yake haifarwa, a 2018 Amurka ta amince da ivosidenib don wata irin sankarar jini. Shekara goma daga labo zuwa gadon majinyaci, a wannan fage gudu ne.

Galibin irin wannan aiki yana wuyan matasan da suka gama doktora. Su ba ɗalibai ba ne, ba su kuma kai ga kujerar malanta ba. Kwantaragi ne na shekara biyu ko uku, da albashi, ƙarƙashin shugaban wani labo, kuma a nan ne ake gane wanda zai iya riƙe nasa binciken gobe. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai ba ya tambayar ƙasar mai nema. Cibiyar DKFZ ta Heidelberg da Institut Curie ta Paris suna ɗaukar masu bincike daga ko'ina. CIRC ta birnin Liyon, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1965, ta daɗe tana horar da ƴan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ake dubawa kusan ɗaya ne: maƙalar da aka buga a mujallar kimiyya, tsarin aiki bayyananne, da yardar labon da zai karɓe ka. Duk da Ingilishi ake yi, har a Liyon ɗin. Mu da lise ta yaye mu da Faransanci, wannan tudun ba ƙarami ba ne.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Maraɗi da Damagaram da ƙwayoyin Berlin. Amsar tana cikin rumbu. Gujiya ko masarar da aka adana da laima tana yin hunhuna mai fitar da dafin aflatoksin. Hanta ce ke sarrafa shi, garin sarrafawa kuma ta mai da shi sinadarin da ke manne wa gadon halittar ƙwaya. A 1991 aka nuna tabon da yake bari a wuri na 249 na TP53, mai tsaron ƙwaya daga sankara. In ya gamu da ciwon hanta iri na B, wanda ya yawaita a yankinmu, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. A Gambiya, tun 1986 CIRC ta shiga aikin rigakafin jarirai don auna tasirinsa kan sankarar hanta. Ɗan Nijar da ya je da tambaya irin wannan, ba hannu rabbana ya je ba.

Sai dai tafiyar ta ƙara wuya: a 2023 Faransa ta dakatar da ba ɗalibanmu biza, a Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Dawowar ma da tata matsala. Ƙasar tana da rajistar sankara tun 1992, kuma a 2021 aka soma gashin ƙari da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Amma warkarwa daban, bincike daban. Mai nazarin cimar ƙari yana bukatar firijin da ke riƙe sanyi digiri 80 ƙasa da sifiri dare da rana, domin ɗaukewar wuta mai tsawo tana iya lalata naman gwajin da aka shekara ana tarawa. A ganina, nan ya kamata jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram su soma lissafi, tun kafin su rubuta wa kowa takardar shaidar tafiya.