Ciwon Fargaba da Lokacin da Ya Kamata a Ga Likita

Babu mai rai da bai san faɗuwar gaba ba. Manomi idan ruwa ya ɗauke bayan shuka, ɗalibi a daren jarrabawa, mace idan haihuwa ta matso, kowa gabansa yakan faɗi. Da mutum ya hangi haɗari sai jikinsa ya saki wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sama, domin ya sami ƙarfin gudu ko kare kansa. Haɗarin na wucewa sai jiki ya kwanta.

Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya kwanciya. Ba zaki, ba ɓarawo, ga su kullum cikin zullumi. Wannan shi likitoci ke kira ciwon fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ke fama da shi, mata sun fi maza yawa, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

A ƙasar nan da wuya mai wannan ciwo ya ce wa likita, "Tsoro nake ji." Sai dai ya ce kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa kamar kiyashi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa. Wani kuwa yana zaune lafiya a kasuwa ko cikin mota sai abin ya auko masa: zufa, makyarkyata, jiri, har ya tabbata ajali ne ya zo. Cikin minti 10 abin yakan kai ƙarshen tsananinsa, sa'an nan ya lafa. Daga nan sai ya shiga gudun wurin, yau ya bar kasuwa, gobe ya bar shiga mota, har duniya ta ƙuntata masa. Da yawa sukan ƙarar da dukiya wajen maganin zazzaɓi da neman karya sammu, alhali ciwon na nan.

Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

To, yaushe za a je? Idan zullumin ya zama na yawancin kwanaki har wata 6, ko firgitar tana dawowa, ko kuwa abin ya hana aiki, karatu ko kula da iyali, kada a tsaya lissafin watanni. Haka nan idan mutum ya fara neman sauƙi wajen giya ko ƙwayoyi. Wanda ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko tunanin halaka kansa ya zo masa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A fara da asibiti mafi kusa. Likita zai duba zuciya da ƙarancin jini da halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don cututtukansu kan yi kama da fargaba. Zai tambayi yawan goro da kofi da shayin da ake sha, gama suna tsananta bugun zuciya. In da bukata sai ya tura mutum asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya, irin na Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri da Enugu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta hana nuna wa irin waɗannan majinyata bambanci.

Magani iri biyu ne. Akwai zaman tattaunawa da gwani, inda ake koya wa mutum gyara tunaninsa da fuskantar abin tsoron sannu a hankali. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, don haka kada a yi gaggawar jefar da su. Amma Valium da 'yan'uwanta da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, sauƙinsu na ɗan lokaci ne, jiki kuma yakan saba da su. Wanda ya riga ya saba kada ya daina farat ɗaya. Ya gaya wa likita a rage masa kaɗan-kaɗan.