Idan Jirgi Ya Wuce Inda Linzami Ke Kaiwa

Mun saba cewa "jirgi mara matuƙi", amma ta fuskar ma'ana sunan bai zauna daidai ba. Ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rediyo yana da matuƙi, sai dai a ƙasa yake tsaye, linzami a hannu. Sai jirgin ya zarce iyakar da saƙon rediyon ke kaiwa sannan ya cancanci sunan: ya bi iska har mai ya ƙare, mai shi na kallon sararin da babu komai.

Ba'amurke Maynard Hill ya yi niyyar ƙetare Tekun Atlantika da jirgin da bai wuce kilo 5 ba, daga Newfoundland ta Kanada zuwa Ayalan. Babu rediyon hannun da zai kai tsakiyar teku, don haka aka sa wa jirgin na'urar GPS ya tuƙa kansa da zarar ya ɓace wa ido. Uku suka salwanta a 2002, na huɗu ya bi sahunsu a 2003.

Na biyar, TAM-5, ya tashi ranar 9 ga Agusta, 2003. Ana tsakiyar tafiya rahoton da yake aikowa ta tauraron ɗan'adam ya ɗauke na kusan awa 3, har aka fara fid da rai. Ashe bai daina tafiya ba. Bayan kusan awa 39 da kimanin kilomita 3,000, ya iso gaɓar Ayalan, inda wani matuƙin ya karɓi linzamin ya sauke shi. Hill na da shekara 77 a lokacin, kuma da ƙyar yake gani.