Ƙudurin Sabuwar Shekara a Arlit: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙaga

Ƙudurin sabuwar shekara alkawari ne da mutum yake yi wa kansa idan shekara ta juyo: ya bar sigari, ya tara jari, ya koyi tuƙi ko walda, ya sauke Alƙur'ani, ya fita daga bashi. A Arlit da Akokan shekara ba sau ɗaya take juyowa ba. Ma'aikacin kamfani da 1 ga Janairu yake lissafi, tun da albashi da hutu da kwantiragi kalandar Bature suke bi. Malami da almajiri suna duban 1 ga Muharram, watan cika-ciki, wanda a cikinsa Agadas take bikin Biyanu. Ɗan makaranta tasa shekarar a Oktoba take kamawa, mashaya sigari da yawa kuma azumi suke jira. Kowane lokaci da irin nasihar da ake ji a cikinsa, yanzu kuma wayar hannu ta ƙara tata: saƙonnin murya da bidiyon masu zaburar da jama'a, da Faransanci da Hausa, ɗauke da alƙaluma da sunayen jami'o'in Turai da Amurka. Wasu maganganun suna da tushe, wasu rabin gaskiya ne, wasu kuwa ƙage ne tsantsa.

Wadda ta fi yawo ita ce cewa kwana 21 sun isa sabon hali ya zauna. Asalinta littafin wani likitan gyaran fuska ne ɗan Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya fito a 1960. Abin da ya lura da shi a asibitinsa shi ne marasa lafiya sukan ɗauki aƙalla mako uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. Ba gwaji ya yi a kan barin sigari ko tashin asuba ba, kalmar "aƙalla" ma a hanya ta faɗi. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 masu koyon sabon hali, binciken da ya fito a 2009, sai suka tarar matsakaicin lokaci kwana 66 ne, wani ya kama a kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Wannan ya fi kwana 21 ɗin amfani ga mai aikin karɓa-karɓa, wanda makon dare yake birkita masa lokacin barci da na cin abinci.

Sai maganar cewa kusan kowa yana warware ƙudurinsa kafin Janairu ya ƙare, ana ma cewa kashi 92 cikin ɗari. Alƙaluman da John Norcross na Jami'ar Scranton ya wallafa ba haka suka nuna ba. A ƙarshen shekarun 1980 ya bi mutum 200: kashi 77 suna riƙe da ƙudurinsu bayan mako ɗaya, kashi 19 bayan shekara biyu. A 2002 ya kwatanta waɗanda suka ƙudura da waɗanda suke da irin burin amma ba su ƙudura ba. Bayan wata shida kashi 46 na farkon suna kan hanya, na biyun kashi 4 kacal. A Suwidin, binciken 2020 a kan mutum 1,066 ya nuna kashi 55 suna ganin sun yi nasara bayan shekara. Waɗanda suka ce za su fara wani abu sun fi waɗanda suka ce za su daina wani abu dacewa, kusan kashi 59 da kashi 47. Mutanen ne suka ba da shaidar kansu, kuma ɗan Adam ba ya rasa yi wa kansa sassauci. Duk da haka, faɗuwa ta yawaita, amma ba ta game kowa ba.

Labarin Jami'ar Yale kuwa babu shi gaba ɗaya. Ana cewa a 1953 kashi 3 na ɗalibai sun rubuta burinsu, bayan shekara ashirin suka fi sauran kashi 97 dukiya a haɗe. Wani lokaci a mai da shi Harvard, a ce 1979. Jami'ar Yale da kanta ta ce ba ta da wani bincike irin wannan. Abin da ya tabbata daga aikin Edwin Locke da Gary Latham na shekaru da dama shi ne, buri ƙayyadadde mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" sa mutum aiki. Peter Gollwitzer ya ƙara da cewa ɗaure burin da lokaci da wuri yana ƙara masa ƙarfi. "Bana zan yi tanadi" niyya ce kawai. "Ranar da albashi ya faɗo zan cire jika 10 kafin in shiga kasuwa" shiri ne.

Akwai kuma masu cewa mutum ya rufe ido ya hango kansa cikin arziki, arzikin zai zo. Littafin Rhonda Byrne na 2006 ne ya baza wannan ra'ayi a duniya. Gabriele Oettingen ta gwada abin a kan ɗaliban da ke gab da gama jami'a: waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki sun fi ƙarancin aika takardun neman aiki, bayan shekara biyu kuma albashinsu ya fi ƙasa. Daɗin mafarkin yana kwantar da jiki kamar an riga an samu. Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya hango burin, nan take ya dubi abin da zai tare masa hanya, ya yi masa tanadi.

Magana mafi nauyi a garuruwan yuraniyom ita ce ta cewa talauci a ƙwaƙwalwa yake, wanda ya gyara tunaninsa ya gyara aljihunsa. Masu faɗinta sukan jingina da Carol Dweck ta Jami'ar Stanford, wadda littafinta na 2006 ya bambanta mai ganin basira a matsayin abin da aka haife shi da shi da mai ganin ana iya ƙara ta. Ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai girmansa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani babban gwaji, wanda mujallar Nature ta buga a 2019, ya shafi ɗaliban sakandare sama da 12,000 a Amurka. Ɗaliban da ke baya a karatu makinsu ya ƙaru da 0.1 a ma'aunin da ke tsayawa a 4. Ci gaba ne, ga darasin da bai kai awa ɗaya ba, amma ba shi ne sauya rayuwa ba.

Tarihin Arlit kansa ya isa ya auna wannan da'awa. Ma'adini ne ya kafa garin: an kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978, Akokan ya tashi a gefenta. A 2007 farashin fam ɗaya na yuraniyom ya haura dalar Amurka 130. A 2009 aka aza harsashin aikin haƙar yuraniyom na Imouraren, matasa suka ɗora burinsu a kai, wasu suka zaɓi fannin karatu saboda shi. A 2011 aka yi hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, farashi ya yi ta gangarowa, a 2014 aka dakatar da Imouraren, a ƙarshen 2016 fam ɗaya bai kai dala 20 ba. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe saboda ma'adinin ya ƙare, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imouraren daga kamfanin Orano, a Yunin 2025 ta mai da SOMAÏR ta ƙasa. Direban da dokar 2015 ta hana shi ɗaukar 'yan ci-rani, har aka soke ta a Nuwamban 2023, da mai haƙar zinariya da ya tafi Jado a 2014 aka rufe wurin a 2017, duk haka abin ya same su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ranaku da tunanin wani leburan Akokan ya kawo ko zai iya hanawa. Wanda ya gaya wa irin wannan mutum cewa raunin zuciyarsa ne ya kayar da shi, zalunci ya ƙara masa a kan asara.

Hasali ma akwai shaidar cewa ruwan ta ɗaya ɓangaren yake gangarowa. A 2013 mujallar Science ta buga binciken da aka yi wa manoman rake a Indiya: mutum ɗaya, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, makinsa a gwajin tunani ya fi ƙasa da na bayan girbi. Damuwar rashi tana cin hankali, tsara shekara guda kuma hankali kwance yake bukata.

Wannan bai nuna cewa halin zuciya ba shi da tasiri ba, kuma shaida mafi kusa daga Nijar ta fito. A 2022 Nature ta buga gwajin da Thomas Bossuroy da abokan aikinsa suka yi a kan dubban mata masu karɓar tallafin kuɗi na gwamnati a jihohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi da Damagaram. Ban da rukunin da aka bari don kwatanci, dukansu an sa su a ƙungiyoyin tanadi, an koya musu dabarun sana'a, an ba su mai bibiya. Wani rukuni aka ƙara masa jari na jika 80 a dunƙule. Wani aka ƙara masa horo a kan yarda da kai da tsara buri, aka kuma nuna wa dukan gari fim aka tattauna, don maza da dattawa su goya baya. Na uku aka haɗa masa duka biyun. Kowane rukuni kuɗin shigarsa da cimarsa sun ƙaru, kuma idan aka auna riba da abin da aka kashe, rukunan da suka sami horon zuciya ne a gaba. A Lome ta ƙasar Togo ma, gwajin da aka buga a 2017 a kan ƙananan 'yan kasuwa 1,500 ya nuna horon himma da hangen gaba ya ƙara riba da kashi 30 cikin shekara biyu, horon lissafin kasuwanci na gargajiya bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne, matan Nijar suna da tallafin wata-wata a hannu da ƙungiya a bayansu, 'yan Lome kuma suna da shaguna. Horon ya sami abin da zai hau kai ne.

Daga ɗaya gefen kuma akan ji cewa tsara shekara shiga hurumin Allah ne, a kawo karin maganar zafin nema ba ya kawo samu. Malamai sun daɗe da raba tawakkali da zaman kashe wando: riƙo da sababi ba ya kore dogaro ga Allah, faɗin in sha Allahu kuma ladabin mai shiri ne. Hausawan da suka yi wancan karin maganar su ne suka ce mai nema yana tare da samu.

Game da ranar farawa, binciken Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis na 2014 ya nuna mutane sun fi yunƙurin gyara a farkon mako, farkon wata, farkon zangon karatu da bayan ranar haihuwa. Janairu ba shi da wani sirri da Muharram ko ɗaya ga azumi ba su da shi. Kowace rana da mutum yake jin ta raba da da yanzu tana ba da wannan yunƙuri, kuma yunƙurin farawa ne kawai, ba ya ɗaukar mutum har ƙarshe. Abin da ke ɗaukarsa shi ne tsarin da ba ya jiran jin daɗin zuciya. Adashi misali ne da kowa ya sani: ranar zubi ƙayyadaddiya, adadi ƙayyadadde, uwar adashi mai bin gida-gida, ga kunyar idon jama'a. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kuma tsarinsu ya bazu zuwa ƙasashe da dama, a kan wannan ginshiƙi suka tsaya, suka ƙara da ba da rance daga asusu da raba riba idan zagaye ya cika. Iyakarsu ita ce iyakar garin: zubi daga abin da aka samu yake fitowa, don haka a unguwar da yawancin masu zubi albashin kamfani ɗaya suke ci, watan da albashin ya tsaya asusun ma yakan ji a jikinsa.