Wa Ake Hukuntawa Idan An Rufe Filin Wasa?

Ranar Lahadi 12 ga Oktoba, 2025, Kano Pillars na gaban Shooting Stars ta Ibadan da ci ɗaya tun farkon wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A mintunan ƙari baƙi suka farke. Ana busa tashi wasu 'yan kallo suka tsallaka cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan da suka zo baƙunta. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya ba ta ɓata lokaci ba: ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta cire mata maki uku da ƙwallo uku, ta rufe filin, ta mayar da wasanninta na gida Katsina.

Tun daga lokacin gardamar ba ta mutu ba a gidajen kallo da teburan mai shayi, daga Yako zuwa Kafin Maiyaki, daga Tiga zuwa Tudun Wada. Wasu su ce an tsani Kano ne. Wasu su ce alƙali ne ya ja. Wasu kuma su ce 'yan tsiraru ne suka yi ɓarna, don me za a haɗa da dubban mutanen da suka sayi tikiti suka zauna lafiya?

Maganar ƙiyayya ba ta da ƙafar tsayuwa. Cikin watan Nuwamba, bai fi wata guda ba bayan abin da ya faru a Kano, aka ji wa ɗan wasan Barau FC ta Kano rauni a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, aka ci Katsina United tara, aka raba ta da filinta. Wannan karon ƙungiyar Kano ce aka zalunta, kuma ba mu ji wanda ya ce an tsani Katsinawa ba. Sa'an nan tarihinmu yana rubuce. A Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan kunnen doki da Enugu Rangers, magoya bayan Pillars sun shiga fili, aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, aka cire wa Pillars maki uku, aka kai wasanninta Abuja. Cikin Yunin 2022 wanda aka hukunta kan taɓa mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada ba ɗan kallo ba ne ma, shugaban ƙungiyar ne na lokacin. Kakar ta ƙare da faɗawar Pillars, Sai Masu Gida, rukuni na biyu.

Ina ganin tushen abin wani tunani ne da ya zauna mana a kai, cewa ba a cin mu a gida. Yana da asali mai kyau: Pillars ta yi shekara 12, wasa 202, ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba, sai da Nasarawa United ta zo a Agustan 2015 ta ci 2-1. 'Yan wasa ne suka kafa wannan tarihi da guminsu, su ne kuma suka fitar da Al Ahly ta Masar a 2009. Amma yaron da ya tashi yana jin wannan kirari ya ɗauka nasarar gida haƙƙi ce, duk wanda ya hana ta ɓarawo ne. Ga mai irin wannan tunani ko canjaras cin mutunci ne.

Masu cewa laifin 'yan tsiraru ne su ne suka cancanci amsa, domin akwai gaskiya a bakinsu. Dokar gasa, a nan da Afirka da duniya baki ɗaya, ta ɗora tsaron fili a kan mai masaukin baƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar gasa ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu, ba ta da gidan yari. Ba ta san sunan wanda ya jefi mai ɗaga tuta da dutse ba, kuma ko ta sani ba ta da ikon kama shi. Wanda ya yi rajista da ita ya sa hannu a kan dokokinta shi kaɗai hannunta ke kaiwa, wato ƙungiya. Ƙungiya ce ke sayar da tikiti, ita ke ɗaukar masu tsaron ƙofa, ita ta san shugabannin magoya bayanta ɗaya bayan ɗaya. Idan ba a matsa mata ba, babu abin da zai sa ta ɓata da mutanenta.

Sai dai a duba wa sandar ke sauka a kansa. Tarar daga asusun gwamnatin jiha za ta fito, kuɗin jama'a ke nan. Ɗan wasa ya rasa makin da ya sha wuya a kansa. Mai rake da mai awara da mai fiya wata a bakin Ƙofar Mata sun rasa ciniki, haka ɗan Adaidaita Sahu. Matashin da ya tara kuɗin mota daga Kwanar Ɗangora don ya ga Ahmed Musa ido da ido ya koma sauraron rediyo. Shi kuwa wanda ya ɗaga kujera ya rotsa wa alƙali kai, fuskarsa tana yawo a wayoyin mutane, ya koma unguwarsu ana yi masa jinjina. Kullum adadin tara muke ji. Sunayen mutum nawa muka ji an ce kotu ta ɗaure? Wannan aikin 'yan sanda ne da masu gabatar da ƙara da gwamnatin da ta mallaki ƙungiyar, kuma a nan ne ake yin sakaci, shi ya sa abin ke dawowa duk bayan shekara biyu ko uku.

Masu kafa hujja da kuskuren alƙali kuwa ba su san da me suke wasa ba. A ce ma ya yi kuskure, ko ya karɓi na goro. Akwai hanyar ƙorafi, ana kuma dakatar da alƙalai. Amma daga lokacin da mutum ashirin suka haura shinge, haɗarin ya tashi daga kan alƙali ya koma kan 'yan kallo. Jami'an tsaro za su firgita, hannu zai kai ga barkonon tsohuwa, dubban mutane ido na hawaye numfashi na sarƙewa su doshi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya.

Ka kalli bakin injin niƙa: sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Idan aka juye masara gaba ɗaya, ƙwayoyin da ke maƙogwaro ba sa motsi, nauyin na sama duk yana kansu. Haka ƙofar fili take. Masana cunkoson jama'a sun nuna cewa idan mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, babu mai iya tafiya da ƙafarsa, taron ne ke ɗaukarsa. Na baya ba su san gaba ta toshe ba, turi kawai suke yi don su tsira. Na gaba ƙirjinsa a danne yake, duk numfashin da ya fitar ba ya samun sararin jawo wani. Cikin 'yan mintuna sai ya suma, sau da yawa a tsaye. Mun saba cewa an tattake mutane, alhali mafi yawan masu mutuwa a turmutsitsi rashin numfashi ne ke kashe su.

Ranar 9 ga Mayu, 2001, a Accra, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2-1 da ƙwallayen da suka zo a ƙarshen wasa. Magoya baya suka fara ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi kuma a rufe. Mutum 126 suka rasu, da yawansu 'yan unguwar Nima ne, inda Hausa ke cikin harsunan yau da kullum. A Oktoban 2022 irin haka ta kashe mutum 135 a filin Kanjuruhan na Indunusiya. A Disamban 2024, a Nzerekore ta ƙasar Gini, gardama kan hukuncin alƙali ta ƙare da mutuwar mutum 56 a lissafin gwamnati. Dokar tsaron filaye ta FIFA ta hana amfani da barkonon tsohuwa a cikin fili saboda wannan dalili, kuma ya kamata duk jami'in da za a tura filin wasa a ƙasar nan a karanta masa ita kafin ya hau mota.

Mai kallon gasar Ingila a gidan kallo ya san ɗan kallo a can yana iya miƙa hannu ya taɓa mai bugun kwana, babu waya tsakaninsu. Ba haka suka taso ba. Bayan mutuwar mutum 39 a filin Heysel na Beljiyam a 1985, an hana ƙungiyoyin Ingila shiga gasar Turai shekara biyar. Mutum 97 suka rasa rayukansu sanadin matsin da aka yi a jikin shingen filin Hillsborough a 1989, daga nan aka cire shingayen. Abin da ya gyara su kujera mai lamba ce, da kyamara, da ikon da aka ba kotu ta haramta wa mutum ɗaya, da sunansa, shiga filin wasa daga shekara uku zuwa goma, har ya miƙa fasfonsa idan ƙasarsu za ta yi wasa a waje. Masar ta bi ta ɗaya hanyar bayan kisan mutum 74 a Port Said a 2012, ta bar filaye babu kowa kusan shekara shida, ƙwallonta ta yi asarar kuɗi da armashi.

Mu da ke kudancin Kano kada mu ɗauka wannan matsalar birni ce. A filayenmu ake koyon halin. Kowa ya san yadda wasan ƙarshe na kofin wani ɗan siyasa ke kasancewa a filin firamare: igiya ce iyaka, ana ci gaba da wasa tana matsowa ciki har mai ɗaga tuta ya rasa wurin gudu. Yara a kan katanga, 'yan sintiri uku ko huɗu da sanduna. Alƙalin malamin makaranta ne daga garin maƙwabta, ya jingine mashin ɗinsa a gindin darbejiya bayan ragar masu gida, kuma ya san ta nan zai bi ya fita. Ta yaya mutumin nan zai busa fenareti a kan masu gida a minti na ƙarshe? Idan bai busa ba, baƙi sun tafi da ƙullin ramuwa sai ranar da aka je garinsu.

A nan kuwa babu uzurin rashin kyamara, domin an san kowa da gidan ubansa. Wanda ya sa kofi ya sa har da kuɗin jami'an da za su raka alƙali har bakin titi. Kwamitin gasa ya zauna da mai unguwa da shugabannin matasa tun kafin a fara, a amince cewa duk wanda ya tsallake igiya ya taɓa alƙali ko baƙo za a kira sunansa a lasifika, a hana shi zuwa fili har gasar ta ƙare, idan ya ji wa wani rauni kuma a miƙa shi ofishin 'yan sanda ko ɗan waye.