Rikicin Shanu a Ayilan: Jiya An Ce A Ƙara, Yau An Ce A Rage

A ranar 1 ga Afrilun 2015 Tarayyar Turai ta soke dokar da ta ƙayyade yawan madarar da kowace ƙasa za ta samar, wadda ke aiki tun 1984. Manoman Ayilan sun daɗe suna jiran wannan rana. Tun a 2010 gwamnatinsu ta fitar da shirin ƙara yawan madara da kashi 50 cikin ɗari kafin 2020, bankuna kuma suka buɗe bakin aljihu. Manoma suka ci bashi, suka gina rumfunan tatsa, suka sayi injina, suka ƙara karsana. Ba a kai wa'adin ba aka cim ma burin. Madarar da ba ta kai lita biliyan 6 a shekara ba ta doshi biliyan 9 a 2022, shanun tatsa kuma suka kai kimanin miliyan 1.6.

Arzikin ƙasar a ciyawa yake. Ruwan sama ba ya yanke mata, don haka saniya kan shafe mafi yawan shekara tana kiwo a fili, abin da ke sa madarar ta yi araha. Shanun Ayilan sun kai kusan miliyan 7, mutanenta kuwa miliyan 5 da 'yan kai ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na nama da madarar da ake samarwa waje ake fitar da su, daga man shanun Kerrygold da ake sayarwa a Jamus da Amurka har garin madarar da ake haɗawa da man itatuwa a turo kasuwannin Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya.

Sai dai bunƙasar ta zo da nata lissafin. Saniya idan tana tuƙa takan yi gyatsar iskar mitan, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke ɗumama duniya. Saboda yawan shanu da ƙarancin manyan masana'antu, noma ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na iskar da ƙasar ke gurɓata sararin sama da ita. A 2021 majalisa ta zartar da dokar rage wannan iska da kashi 51 cikin ɗari kafin 2030, idan aka kwatanta da 2018. Da aka zo rabon nauyin, sai kan gwamnatin haɗaka ya rabu. Jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli, ƙarƙashin Eamon Ryan, ta so a ɗora wa noma kashi 30. 'Yan majalisar sauran jam'iyyun haɗakar, Fianna Fáil da Fine Gael, masu wakiltar karkara suka tsaya a kusa da 22. A Yulin 2022 aka daidaita a kan 25, kuma babu ɓangaren da ya fito yana murna.

Abin da ya fi taɓa aljihun manomi kai tsaye shi ne batun ruwa. Kashin shanu da takin zamani na ɗauke da naitirojin. Wanda ciyawa ba ta sha ba sai ya gangara rafi, gansakuka ta mamaye ruwan, kifi ya rasa iska. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sha bayyana cewa kusan rabin koguna da tafkuna ba sa cikin yanayi mai kyau, musamman a kudu da kudu maso gabas inda kiwon madara ya fi ƙarfi. Dokar Turai ta 1991 ta ce kada naitirojin na kashin dabbobi ya wuce kilo 170 a hekta ɗaya a shekara, amma an yi wa Ayilan sassauci zuwa 250, kuma manoma kusan 7,000 ke cin moriyarsa. Daga Janairun 2024 aka rage shi zuwa 220 a yankuna da dama.

Ga yadda ragin kilo 30 ke zama a gona. A ƙididdigar hukuma, saniya mai matsakaiciyar madara na fitar da kilo 92 a shekara. Mai hekta 40 zai iya riƙe shanu 108 a tsohon ma'auni, a sabon kuwa 95 ne. Shanu 13 sun tafi ke nan, amma bashin rumfar tatsar bai ragu da ko sisi ba. Ko dai ya sayar da su, ko ya riƙa kwashe taki zuwa gonar wani, ko ya yi hayar ƙarin fili. Da yawa sun zaɓi haya, kuɗin hayar gona ya tashi, masu noman sha'ir da alkama da ƙananan makiyaya suka kasa gogayya da su.

Ana cikin haka a 2023 jaridu suka bankaɗo wata takardar ma'aikatar gona da ta yi nazarin rage shanun tatsa kusan 200,000 cikin shekara uku tare da biyan diyya. Ma'aikatar ta ce nazari ne kawai, ba matsaya ba, daga bisani ma aka jingine batun. Amma amana ta riga ta yi rauni.

Ƙungiyar manoma ta IFA da takwararta ta masu madara, ICMSA, na cewa idan Ayilan ta rage, duniya ba za ta daina shan madara ba, wata ƙasa ce da ta fi gurɓata muhalli za ta cike gurbin. Suna nuna matakan da cibiyar binciken noma ta Teagasc ke yaɗawa: takin yuriya da aka yi wa kariya, zuba taki a gindin ciyawa maimakon fesa shi sama, da yanka shanu da wuri. Masu rajin muhalli na amsa cewa duk abin da aka rage a kan saniya ɗaya, ƙaruwar garke na cinye shi, kuma kogin da ya lalace na kowa ne.

Kiran su duka "manoma" na ɓoye wani babban bambanci. Gonaki kusan 135,000 ne a ƙasar, kuma masu madara tsiraru ne a cikinsu. Binciken Teagasc na shekara-shekara na nuna cewa su ke samun riba mai kauri, yayin da yawancin masu shanun nama da tumaki, musamman a yamma, da tallafin Turai suke rayuwa. Shirin tallafin 2023 zuwa 2027 ya kai Yuro biliyan 9.8, kuma yadda za a raba shi tsakanin manya da ƙanana wani faɗan ne na cikin gida. Su masu naman, abin da ke hana su barci shi ne yarjejeniyar ciniki da ƙasashen Mercosur na Kudancin Amurka, wadda ta tanadi shigo da tan 99,000 na naman sa Turai a kan haraji mai sauƙi.

A zaɓen Nuwamban 2024 jam'iyyar Green ta rasa kujeru 11 cikin 12 da take da su, sabuwar gwamnati kuma ta jingina da 'yan majalisa masu zaman kansu, akasarinsu na karkara. Wasu sun ɗauka magana ta ƙare. Amma dokar 2021 na nan daram, kuma a 2025 majalisun ba da shawara kan kasafi da kan sauyin yanayi sun yi gargaɗin cewa gaza cika alkawuran Turai na iya jawo wa ƙasar asarar Yuro biliyan 8 zuwa 26.

Ainihin gardamar ita ce wa zai biya kuɗin sauya hanya: manomin da ya bi shawarar hukuma, ko kamfanonin da suka ci ribar fitar da kaya, ko mai biyan haraji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu gonaki sun haura shekara 65, waɗanda ba su kai 35 ba kuwa ba su cika kashi 10 cikin ɗari ba. Matashin da ake so ya gaji gonar zai ci bashin da zai ɗauke shi shekaru yana biya, a ƙarƙashin ƙa'idar da ake sake dubawa duk bayan 'yan shekaru. Muddin jam'iyyu ba su tsayar da magana ɗaya da za ta wuce zaɓe guda ba, da wuya ya sa hannu a takardar.