Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Bayani A Kan Jinyar Raunin Ƙwaƙwalwa

Ya ku malamai da fatake, ku sani raunin ƙwaƙwalwa yana daga cikin mafi wuyar jinya, domin ita ce mazaunin hankali da magana da motsin gaɓoɓi. Tana cikin ƙoƙon kai, wanda ba ya buɗewa. In ta kumbura ba ta da wurin zuwa, sai jijiyoyin jininta su matse, ɓarna ta ƙaru a kan ɓarna.

Likitoci suna da ma'auni da aka fitar a birnin Glasgow a 1974. Suna duban abu uku: buɗe ido, da amsa magana, da motsi. Lissafinsa daga 3 ne zuwa 15. Wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka, rauninsa mai tsanani ne.

Ga misali daga Amurka. Ran 8 ga Janairu 2011, a birnin Tucson, wani ya buɗe wuta a wurin da Gabrielle Giffords, wakiliya a majalisar ƙasar, take ganawa da jama'arta. Mutum 6 suka rasu. Ita kuwa harsashi ya ratsa gefen hagu na ƙwaƙwalwarta.

To, ku lura da yawan hannuwan da suka taru a kanta. Na farko wani saurayi mai koyon aiki a ofishinta, Daniel Hernandez, ya tallafe ta, ya danne raunin don tsai da jini. Sa'an nan likitocin fiɗa, Peter Rhee da Michael Lemole da jama'arsu, suka cire wani yanki na ƙoƙon kanta domin kumburi ya sami sarari. Masu jinya suka tsare numfashinta dare da rana. Cikin watan nan aka kai ta Houston, asibitin koyar da gaɓoɓi. A watan Mayu aka rufe gurbin ƙashin.

Amma fa a nan doguwar tafiya ta soma. Gefen hagu shi ke riƙe da magana ga yawancin mutane, shi ke kuma sarrafa damar jiki. Saboda haka kalmomi suka ɓace mata, hannun dama da ƙafa suka raunana. Wani gwani ya koya mata tafiya, wani sa tufafi da cin abinci, wani furuci. Har da waƙa aka yi mata magani, gama rera kalma yakan bi wata hanya dabam a ƙwaƙwalwa. Mijinta Mark Kelly bai gushe ba yana tare da ita.

Ran 1 ga Agusta 2011 ta shiga majalisa ta jefa ƙuri'a. A Janairu 2012 ta ajiye muƙaminta don ta ci gaba da jinya. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

Ya ku masu bin hanya, in kun tarar da wanda ya bugu a kai, kada ku jijjiga wuyansa, kada ku ɗura masa ruwa yana sume, ku gaggauta kai shi asibiti. In ya komo gida da mantuwa ko saurin fushi, ciwon ne, ku yi haƙuri da shi. Mai hawan babur kuwa ya sa hular kwano, rigakafi ya fi magani. Wassalam.