Rufe Makaranta Da Hutun Kirsimeti A Makarantun Firamare Na Mishan

Kowace shekara, da zarar hunturu ya sauko kuma watan Disamba ya kai tsakiya, makarantun firamare da majami'u ke gudanarwa a ƙasar nan su kan kammala zangon farko na shekarar karatu, su sallami yara zuwa hutun Kirsimeti da Sabuwar Shekara. Hutun ba shi da tsawo, domin bai cika wuce mako uku ba, amma a wurin iyaye da malamai da su kansu yaran, babu hutun da ya kai shi hidima. A cikinsa ne a ke ba da sakamakon jarrabawar farko ta sabon aji, a cikinsa a ke bikin haihuwar Yesu Almasihu, a cikinsa a ke ƙarasa kaka a gonaki, kuma a cikinsa ne uba ya ke zama ya yi lissafin ko zai iya mayar da 'ya'yansa duka makaranta a watan Janairu.

Tushen Makarantun

Waɗannan makarantu ba baƙi ba ne a Arewa. A shekarar 1905 ne Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S. ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Wajen shekarar 1929 aka ɗauke mishan ɗin daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da ƙasa, irin ginin Hausa. Makarantar Wusasa ce ta yaye Likita R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da kuma Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar nan a cikin waɗannan shekaru. Duk ƙwazon da suka nuna daga baya, a kan bencin firamare ya faro.

Haka kuma aka yi a wasu wurare. Mishan ɗin 'Yan'uwa ya sauka a Garkida ta ƙasar Adamawa a 1923. Ƙungiyar S.U.M. ta kafa cibiyar koyarwa a Gindiri ta ƙasar Filato a 1934, daga baya ta ƙara da makarantar yara makafi a 1953. 'Yan Katolika kuma sun buɗe nasu a Kano da Kaduna da Jos da sauran garuruwa. A galibin waɗannan wurare da Hausa a ke fara koya wa yaro karatu, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan, sannan a watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Da ajujuwa suka cika suka batse, kayan aiki suka yi ƙaranci, sai majami'u suka sake buɗe makarantu nasu na kuɗi, sau da yawa a cikin harabar majami'ar. Irin waɗannan su ne suka fi yawa a yanzu, kuma ba 'ya'yan Kirista kaɗai ke cikinsu ba, domin a garuruwa da dama akwai iyaye Musulmi da ke kai 'ya'yansu saboda horo da naƙaltar karatu.

Makon Ƙarshe

Makon da ya biyo bayan jarrabawa, mako ne na hutawar yara da wahalar malamai. Malamin aji zai duba takardun kowane darasi, ya haɗa makin jarrabawa da na gwaje-gwajen da aka yi a tsawon zango, ya jera sunaye a babbar takarda, ya fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe, sa'an nan ya cika katin kowane yaro. A makarantu da yawa kashi 60 cikin 100 na makin daga jarrabawa ya ke fitowa, kashi 40 kuwa daga aikin aji da aikin gida. Saboda haka yaron da ya yi ta fashi a lokacin yankan gero ko cirar gyaɗa ya riga ya yi asarar da jarrabawa ba za ta iya mayar masa ba, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Yayin da malamai ke fama da jan alƙalami, su kuwa yara suna can ƙarƙashin bishiya ko cikin majami'a suna gwajin waƙoƙi da wasan kwaikwayo. A nan a ke raba matsayi. Wata yarinya za ta zama Maryamu, wani yaro ya zama Yusufu, wasu su zama makiyaya, uku kuma su zama masanan taurari da suka zo daga gabas. Zanen uwa shi ne alkyabba, tawul shi ne rawani, kwali da takardar ƙyalli su ne kambin sarauta, kwandon kaba kuwa shi ne komin dabbobi na Baitalami. Wanda aka ba matsayin Sarki Hirudus ya kan fi kowa murna, domin shi kaɗai aka yarda ya daka tsawa a gaban hedimasta.

Ranar rufewa kan fara da sujada. A makarantun Angalika da wasu da suka yi koyi da su, a kan bi tsarin karatu tara da waƙoƙi, wanda aka soma a garin Truro na Ingila a 1880. Yara tara su kan fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya karanta sashensa, daga Littafin Farawa zuwa annabcin Ishaya har zuwa Bisharar Luka da Matiyu da Yahaya, ana sako waƙa a tsakani. Wannan karatu a bainar jama'a jarrabawa ce ta biyu, wadda ba a rubuta makinta a kati. Uwar da ba ta iya duba katin ɗanta ba, tana iya jin ko yana karatu sumul ko kuwa yana tuntuɓe a kan kowace kalma.

Bayan wasan kwaikwayo sai jawabin hedimasta. Shi zai faɗi ranar komawa, da kuɗin zango mai zuwa, da gyaran da makaranta ke bukata, ko rufin aji ne ko rijiya ko katanga, ya kuma tuna wa masu 'ya'ya a aji shida batun rajistar jarrabawar shiga sakandare. Daga nan a kira waɗanda suka yi fice a ba su littafi ko jakar makaranta ko akwatin lissafi, a raba shinkafa da lemo, fasto ya sa albarka, a watse.

Abin Da Kati Ke Faɗa

Iyaye da yawa ba su duba komai a kati sai wuri ɗaya, wato na nawa yaro ya zo. In ya zo na uku a yi masa ɗinki, in ya zo na talatin a ɗauko bulala. Alhali kuwa akwai layuka biyu da suka fi wannan amfani. Na farko shi ne yawan kwanakin da yaro ya halarci makaranta, domin a nan a ke gane wanda ke laɓewa a hanya da wanda aikin gida ko talla ke hana shi zuwa. Na biyu shi ne makin karatu da na lissafi, waɗanda su ne ginshiƙin sauran darussa. Yaron aji uku da bai iya haɗa baƙi ba, ko da ya tsira da haddace amsoshi, aji biyar zai tona masa asiri. Zangon farko shi ne lokacin gyara, tun da akwai sauran zango biyu kafin a yanke hukuncin wucewa ko maimaita aji. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ayyukan Hutu

Ga yaran ƙauye, hutu ba kwanciya ba ne. Disamba lokacin yankan dawa ne da sussuka da shiƙa da kai amfani rumbu, inda kuma akwai fadama an soma ban ruwan tumatir da albasa. Hannun yaro yana da amfani ƙwarai a nan, kuma daga wannan amfanin gona ne kuɗin makarantarsa zai fito. Yaran birni kuwa da yawa su kan bi iyayensu zuwa garuruwansu na asali, a Kudancin Kaduna ko Filato ko Adamawa ko Gombe ko Kudancin Borno, inda su ke ganin kakanni, su ji harshen gidansu wanda ya ke neman kuɓuce musu.

Majami'a ma ba ta barin su haka nan. Makarantar Lahadi ta kan shirya gasar haddar ayoyi da kacici-kacici. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Glasgow a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, tare da takwararta ta 'yan mata, su kan yi atisayen fareti da busa da kiɗan ganga domin zagayen gari. Matan Zumunta su ke kula da ɗinkin kayan mawaƙa da girkin taro. Da dare kuma ƙungiyoyin mawaƙa su kan bi gida-gida da Littafin Waƙoƙi, yara na biye da fitila, ana ba su ɗan abin da ya samu. A daren 31 ga Disamba a kan kwana a majami'a ana addu'ar shiga sabuwar shekara.

Ranar 25 ga wata, aikin yara ne ɗaukar kwanonin shinkafa da nama da cincin zuwa gidajen maƙwabta, har da Musulmi, waɗanda su ma su kan rama da tuwon Salla da naman layya in lokacinsu ya zo. A unguwannin da rikici ya raba mazauna, wannan al'ada ta yi rauni, amma inda ta ke da sauran ƙarfi, yaron da ya kai kwano gidan abokin karatunsa ya koyi abin da ba a rubuta shi a allo. Zumunta dai a ƙafa ta ke.

Inda Gizo Ke Saƙa

Hutun yana da nasa haɗura. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kan yi ta gargaɗi a watanni huɗun ƙarshen shekara, saboda cunkoso da gudun wuce kima da hazon da ke rufe hanya. Jin ɗumi da gawayi a ɗaki rufe, da ƙona daji domin farautar gafiya, da wasan tartsatsin wuta, duk sun sha jawo gobara da ƙuna.

Amma babban abin da ya sauya rufe makaranta a 'yan shekarun nan shi ne rashin tsaro. A ranar 21 ga Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar St. Mary ta Katolika da ke Papiri, a Ƙaramar Hukumar Agwara ta Jihar Neja, suka kwashe yara da ma'aikata fiye da 200, cikinsu har da 'yan firamare. Rukunin ƙarshe bai kuɓuta ba sai ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. A sanadin wannan da makamantansa, jihohi irin su Neja da Filato da Katsina suka rufe makarantu tun lokaci bai yi ba, yara da yawa suka koma gida ba jarrabawa, ba kati, ba wasan kwaikwayo. Wannan masifa ba ta tambayar addini, domin a watan Maris na 2024 makarantar gwamnati ce aka afka wa a Kuriga ta Jihar Kaduna. Shi ya sa maganar katanga da maigadi da kuma wanda aka yarda ya ɗauki yaro daga makaranta ta shiga cikin abubuwan da a ke tattaunawa a taron iyaye da malamai.

Sai kuma batun kuɗi. Makarantar majami'a ba ta da wata rijiya sai aljihun iyaye da ɗan taimakon ikilisiya. In iyaye ba su biya ba, malami zai shiga Kirsimeti ba albashi, kuma malamin da ya ga haka sau biyu ya kan nemi wani aiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da abinci da littattafai suka yi tashin gwauron zabo, iyaye da makarantu suka shiga matsi ɗaya. Uban da ya ƙarar da kuɗin dawarsa wajen ɗinki da yanka a Disamba, shi ne ya ke zuwa ofishin hedimasta a Janairu yana roƙon a ɗaga masa ƙafa. In abin ya gagara, a kan bar ɗaya a gida, kuma sau da yawa 'ya mace ce a ke bari. Asusun Kula Da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Wani sashe na wannan adadi yara ne da suka tafi hutu ba su dawo ba.

Saboda haka wasu majami'u su kan keɓe wani kaso na baikon godiyar kaka domin kuɗin makarantar marayu da 'ya'yan gwauraye, wasu makarantu kuma su kan yarda a biya kashi-kashi. Abin da ya rage ga iyaye shi ne su cire kuɗin zango na biyu su ajiye tun kafin a shiga kasuwar Kirsimeti, su kuma sa yaro ya riƙa karanta ko da shafi ɗaya ne kullum da babbar murya, da Hausa ko da Turanci, a gaban wani babba. Ga hedimastoci da dattawan majami'a kuwa, aikin makon farko na Janairu shi ne su ɗauki rajista su duba sunayen da ba su amsa kira ba, su bi su har gida tun kafin mako ya zama wata.

Allah ya kai yaran gidajensu lafiya, ya dawo da su cikin ƙoshin lafiya, ya ba ƙasar nan zama lafiya.